Tabarma a Kan Ruwa

"Baba, kai ka iya iyo?"

Lawwali ne ya yi tambayar, yana tsaye a bakin tafkin, hannunsa cikin nawa, ranar da motar tanka ta gama juye ruwa a ciki. Bai cika shekara huɗu ba a lokacin. Alhaji yana gefe cikin babbar riga, ya harɗe hannuwa a baya, yana kallon ruwan kamar mai kallon gonar da ta yi kyau. Sai ya yi gyaran murya.

"Manya ba sa iyo a gaban yara."

"To Inna fa?"

"Kai, wuce mu je ciki," na ce, na ja hannunsa.

Gaskiyar magana ita ce babu wanda ya iya iyo a gidanmu. Alhaji a ƙauyen Ruwan Godiya ya tashi, a hannun Goggo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ba ta taɓa barinsa ya tsoma ƙafa a rafi ba. Ni kuwa 'yar cikin garin Kankara ce, iyakata da ruwa bokiti da guga. Amma shekarun nan da arzikin fetur ya buɗe, Alhaji ya samu kwangilar kwalbati a hanyoyin karkara, daga nan har wajen Sabuwa. Wata rana aiki ya kai shi Kaduna, ya kwana a wani otal, ya ga wurin iyo. Da zai dawo sai ya taho da magina. Suka haƙa bayan gida, tsakanin madafi da katanga, ƙarƙashin bishiyar bedi, suka manna masa tayil shuɗi. Gefe ɗaya ruwan iyakarsa ƙugu, ɗaya gefen kuwa yana shanye dogon mutum har da hularsa. Mutanen gari suka sa masa suna tafkin Alhaji.

Mutum ɗaya na sani ya taɓa shigarsa, wani injiniyan hanya da Alhaji ya gayyato. Daga shi sai kwaɗi.

Da yake maza ba sa shigowa cikin gida, kula da tafkin a kaina ta faɗo. Wanda ya haɗa injin tace ruwan ya yi wa Alhaji bayani, shi kuma Alhaji ya yi mini nawa a tsaye, makullin mota a hannunsa. Ga farar hoda mai warin asibiti, a zuba gwangwani ɗaya. Ga injin, a kunna da safe. Shi ke nan. Ba a daɗe ba injin ya yi tari ya tsaya. Aka ce sai an kawo wani ƙarfensa daga Ikko, jiragen ruwa kuma sun yi cinkoso a can. Har yau da nake wannan rubutu ƙarfen bai iso ba.

Sai na koma ga abin da na sani. Na ɗaure tsohuwar rariya a kan doguwar gora, ina kwashe ganyen bedi da ƙadangarun da suka faɗa. Na ɗaure burushi a wata gorar, ina goge gansakukar da ke kama bango. Idan ruwan ya yi duhu sai in daka alif, irin wanda ake kwantar da ruwan rafi da shi, in watsa, dattin ya kwanta a ƙasa. Abin da Alhaji yake so ɗaya ne: duk ranar da ya zagayo da baƙi ta ƙofar baya, su tarar da ruwan shuɗi.

Ni kuwa abin da nake so shi ne Lawwali ya zauna a gabana, da ransa da lafiyarsa. Abu biyu ne suke neman raba ni da shi. Na farko tafkin. Na biyu Goggo.

Lawwali ɗana ne na fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle a gaban dangin miji. Yawanci ma da an yaye shi sai wata babba a dangi ta ɗauka ta riƙe. Tun ranar yayensa Goggo ta ce a ba ta shi. Na tsira da hujjar ƙyanda, don a lokacin ta kama shi. Da ta sake aikowa na tsira da hujjar tari. Daga baya na lallaɓa Alhaji ya ce makarantar Kankara ta fi kusa. Goggo ba ta yarda da ko ɗaya ba. Abin da take faɗa wa mutane shi ne, "Ɗiyar nan ta yi firamare, idonta ya bushe. Ta ƙwallafa rai ga ɗan fari, za ta lalata shi." Alhaji kuma ya gaya mini ƙarara, in Goggo ta sake buɗe baki ta tambaya, ba shi da fuskar da zai hana ta. Don haka na san duk ranar da ta zo, dole in nuna mata na yi hankali.

Maganar tafki kuwa na yi iya yina. Lungun da ke bi ta gefen madafi zuwa baya na tare shi da tsohon ƙyaure, na jingina masa turmi. Na ja wa yaron kunne har ya haddace: ba a zuwa bayan gida sai da Inna.

Da bazara ta kama na haifi Bilki. Ga jego, ga zafin rana da ke mayar da ruwan kore kafin ka juya, ga bedi na zubar da ganye da 'ya'ya. Na kasa. Wata rana ina ɗiban ruwa a randa sai na lura, randar da aka rufe da faifai ba ta taɓa yin gansakuka. Na ce ashe rufi ne maganin. Na sa Alhaji ya sayo gorori dogaye da tabarmin kaba. Na jera gororin daga wannan baki zuwa wancan, na shimfiɗa tabarmin a kai, na danne kusurwoyi da duwatsu. Kwana kaɗan na ɗaga gefe na leƙa, sai ga ruwa garau, ana ganin tayil ɗin ƙasa.

Alhaji ya yi murna. "Da ma ke aka ba ma'aikatar ruwa," in ji shi.

Na ji daɗin maganar. Har na ƙara da gaya wa kaina cewa yanzu hankalina ya kwanta, tunda ruwan a rufe yake. Ban tsaya na dubi wurin da idon yaro ba. Duk wanda ya leƙa bayan gidanmu a lokacin, abin da zai gani shi ne fili mai inuwa an shimfiɗe shi da sababbin tabarmi. Yaro kuwa tun yana rarrafe ya san abin da ake yi da tabarma.

Ranar wata Laraba da hantsi direban Alhaji ya ɗauko Goggo daga Ruwan Godiya, ta zo ganin jaririya. Tare da ita akwai Adama, matar yayan Alhaji, wadda ba ta iya zama wuri ba ta tsokani wani ba. Sun zo da man shanu da daddawa da ƙullin kuka. Da sassafe na janye turmin daga bakin lungu na daka musu fura, na ce in na gama zan mayar. Ƙyauren na nan a jingine, babu abin da ya danne shi.

Muka zauna a rumfar tsakar gida. Bilki na kan cinyata, ƙwaryar fura na gabana ina damawa. Lawwali ya zo ya faɗa jikin Goggo.

"A'a, maigidana," in ji ta, "ka yi sabuwar amarya ka manta da ni ko? Ina cefanena?"

"Ba ni da kuɗi, Goggo. Amma muna da tafki."

"Haka na ji. An ce ubanka ya haƙa rijiyar da ba a sha."

Adama ta kwashe da dariya. "Goggo, ba ki gane ba. Ta kallo ce. Mu can muna bin rijiya da asuba, su nan ruwa suke kiwo kamar tumaki."

"Goggo, zo in nuna miki," in ji Lawwali, yana jan gefen mayafinta.

"Bari ƙafata ta huce tukuna. Motar nan ta ubanka ta karya mini baya."

Ya sake ta, ya ɗauki motarsa ta kara yana turawa a ƙasa. Goggo ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Suwaibatu, an ce mini kin fara hankali. An ce yanzu kin bar goya shi kina zagaya gida kamar wadda ta haihu a kan tsufa."

Na sunkuyar da kai. "Ai ya girma, Goggo."

"Wane hankali?" in ji Adama. "Ki dubi idonta, Goggo. Hannu na cikin fura, ido na kan yaro, kamar kaza da 'yan tsaki."

Gaskiya ta faɗa, idona na kansa. Shi ya sa na ga lokacin da ya tura motar har bakin lungu. Na ga ya sa kafaɗa ya ture ƙyauren, ya leƙo ya ga ko ina kallo. Da mu biyu ne a gidan, tsawa ɗaya ta isa. Na buɗe baki, sai na haɗa ido da Goggo. Tana kallona, tana jira ta ga abin da zan yi.

Na mayar da idona cikin ƙwarya. Na ce a raina ya san doka. Na ce ai a rufe yake. Na ci gaba da juya ludayi.

Da na ɗago, babu shi a bakin lungun.

Sai na bi hanyar da mai kunya take bi, na roƙi wata ta yi mini. Na ce a hankali, "Yaya Adama, don Allah ko za ki leƙa yaron nan? Ya yi bayan gida."

"Wane yaro?" ta ce, tana ƙifta wa Goggo ido. "Yara ai suna da yawa a garin nan."

"Yaya, don Allah."

"Faɗi sunansa in ji, sai in tashi. Ke da kika yi boko, suna ɗaya zai gagare ki?"

Goggo ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Ke Adama, bar ta. Ba ki ga tana ƙoƙari ba?"

Har da ni a murmushin. Wannan murmushin shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Ba ihu muka ji ba. Ƙara ce 'yar ƙarama, ƙas, irin ta gora in ta karye, sai wani sauti kamar an jefa guga a rijiya. Daga nan shiru.

Ban san yadda Bilki ta koma cinyar Goggo ba. Na dai san ƙwaryar ta kife, na taka furar da ƙafa. Da na fito bayan gida ban ga yaro ba. Motarsa ta kara na nan a kan tabarmar farko, lafiya lau. Tabarma ta tsakiya ce ta lotsa, ta nutsa ta gefe ɗaya, ruwa ya hau kanta. Sauran duk suna shimfiɗe, sun rufe mini komai. Abin da na sa don ya kare ruwan shi ne ya ɓoye mini ɗana.

Na fizge tabarmar gefen da ba zurfi, na ture gororin, na faɗa. Wata da watanni ina goge wannan tafkin daga sama, na san inda ƙasansa ya fara gangara. Na bi gangaren, ruwa ya kawo mini ƙirji, ya kawo wuya. Na kama bakin tabarmar da ta nutsa na ja, na ji ta yi nauyi fiye da nauyin jiƙaƙƙiyar kaba. Ta naɗe shi. Na ƙara taku ɗaya, ƙasa ta ɓace mini, na sha ruwa. Sai na ji abu ya bugi kafaɗata. Adama ce ta miƙo gorar rariya, tana kwance a bakin tafkin tana kururuwa.

"Kama, Suwaiba! Kama, don girman Allah!"

Na kama da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da tabarma. Ta ja mu har ƙafata ta sake taɓa tayil. Na warware kabar, ƙafarsa ta fara fitowa.

Jikinsa ya saki, leɓɓansa sun yi toka-toka. Na miƙa shi sama, ni kuma na kasa fitowa, na tsaya cikin ruwa ina kallo. Goggo ce ta karɓe shi. Ta ajiye Bilki a ƙasa kan mayafinta, ta kifa shi a kan gwiwarta kansa na ƙasa, tana danna bayansa tana salati. Ta danna, ta sake dannawa. Sai ruwa ya ɓalle ta bakinsa da hancinsa, ya yi wani irin tari, ya ja numfashi, ya tsala kuka.

Direba ya kai mu asibiti da jiƙaƙƙen zanena. Suka duba ƙirjinsa, suka ba da magani, suka ce a sa masa ido saboda tari. Kafin la'asar mun dawo gida.

Na zaci Goggo za ta yi faɗa. Da ta yi, da na samu sauƙi. Ta zauna da shi a cinya tana shafa masa man shanu a ƙirji. Adama kuwa ta koma bakin madafi tana sharar hawaye, duk wanda ya wuce sai ta ce, "Wasa fa nake yi. Wallahi wasa nake yi."

Da Alhaji ya dawo aka gaya masa. Ya je bayan gida ya daɗe a tsaye, sannan ya dawo ya durƙusa gaban Goggo.

"Gobe zan kira magina, Goggo. Za a zagaye shi da katanga, a sa ƙofa."

Ban saba sa baki in suna magana ba, amma na ce, "Alhaji, a cike shi da ƙasa mana."

Bai dube ni ba. "Akwai baƙin da za su zo daga ma'aikata ƙarshen wata. Duk garin nan an san da shi. In na cike shi me za a ce?"

"Ku gina katangarku," in ji Goggo. "Ni dai gobe da yaron nan zan tahi. In ta bushe, mu gani."

Alhaji ya juyo ya dube ni. Na san abin da yake jira: in kawo tari, in kawo makaranta, in kawo wani dalilin kamar yadda na saba. Na duba cikina ban samu ko ɗaya ba. Matar da ta danna masa baya har ya yi numfashi ita ce take tambaya. Ni kuwa ina zaune ina dama fura.

"To, Goggo," na ce.

Washegari da safe ina haɗa masa kaya a ɗaki, Goggo ta shigo ta tsaya a kaina. Na sa rigunansa, da maganin asibiti, da ɗan bargon da ba ya barci sai da shi. Na fara yi mata bayanin yadda ake ba da maganin, ta katse ni.

"Na ji," ta ce. "Cokali guda, sau ukku." Sannan ta ce, "Ɗiyar nan, kunya aka ce ki ji. Ba wanda ya ce ki zauna."

"Na sani, Goggo."

"Ni ma bakina ya yi yawa jiya." Ta ɗauki ƙullin kayan ta fita.

A tsakar gida Adama ta shimfiɗa tabarma don su karya kafin su kama hanya. Lawwali ya zo zai zauna, sai ya tsaya. Ya tsuguna, ya ɗaga gefen tabarmar, ya leƙa ƙarƙashinta. Da ya ga ƙasa ce, sannan ya hau.

Ban raka su zaure ba, don ba a yi. Na tsaya a bayan labule ina jin direba yana ce masa ya zo gaba ya riƙe sitiyari, har motar ta tashi.

An gina katangar. Ta wuce tsayina, tana da ƙofar ƙarfe da kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zanena ko barci nake. Tabarmin na sa an fitar da su daga gidan, gororin na ƙona a murhu. Baƙin ma'aikata sun zo, sun tarar da ruwa shuɗi, an ce sun yaba. Kullum da safe ina buɗe ƙofar, in kulle ta a bayana, in kwashe ganye, in goge bango, in watsa alif. Bilki ta fara rarrafe, ba na ajiye ta sai na taɓa kwaɗon na ji shi a rufe.

Katanga ta bushe tuntuni. Na aika wa Goggo da direba, ta ce a bari sai bayan kaka. Adama ta aiko mini cewa ya yi ƙiba, tarin ya tafi, yana bin awaki da yaran gidan. Ta ce Goggo ba ta barinsa ya je ko kusa da rafi. Ban sake aikawa ba. Ba ni da bakin matsawa.

Ke da kike karanta wannan, in akwai ruwa a gidanku da ya wuce gwiwar yaro, tafki ne ko kwami ko tsohuwar rijiya, kada ki rufe shi da tabarma, ko zana, ko buhu, ko wani abin da ƙafa za ta ɗauka ƙasa ce. Gara ki bar shi a buɗe ya yi kore, yaro ya gan shi ya ji tsoro. A yi masa katanga da ƙofa, makulli a jikinki. Kuma ranar da kika ga ɗanki ya nufi wajen, ko gaban wa kike zaune, ko me za a ce da ke daga baya, kada ki aiki kowa. Ki ajiye abin da ke hannunki ki tashi.